Yadda Injin Niƙa Ya Zo Wudil

Ku 'yan matan da aka turo mana bana, na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bakin sito ranar Laraba. Wai man gyaɗa ai ba sana'a ba ce, tunda inji ke niƙa, mace sai ta zauna ta kwashi mai. Ban tanka mata ba don hannuna yana cikin tunkuza. Yanzu na wanke hannu. Rubuta muku zan yi, tunda an ce kun iya karatu, don in na tsaya faɗa da baki raina zai ɓaci kafin in kai ƙarshe.

Sunana Asabe. Ban girme ku da wani abin kirki ba, amma shekara tara ke nan ina wannan aiki a gidan Goggo Hansatu, yayar mahaifina, a nan Wudil. Na yi makarantar 'yan mata a birni, na fito, na yi auren da bai kai shekara ba, wannan kuma ba maganar yau ba ce. Ranar da na dawo da akwatina Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Boko dai an sha. To, ga taɓarya."

Turmina na farko ba na manta shi. An soya gyaɗa tun da safe a babban kasko da wutar kara, an murje ta, an sheƙe jan ɓawon a faifai. Iya Tabawa, tsohuwar da ke yi mana niƙa a dutse, ta durƙusa a kanta tun hantsi har azahar. Aka juye niƙaƙƙiyar a turmi, aka ajiye mini tukunyar ruwan zafi da ludayi. Goggo ta ce, "Ludayi ɗaya, ki juya. In ta shanye, ki ƙara ɗaya." Ba daka ake yi ba, ku sani. Juyawa ake yi da taɓarya, ana dannawa, har kafaɗa ta fara ƙuna. Na zuba ɗaya, na juya, ban ga komai ba. Na zuba na biyu, shiru. Sai na ce a raina, abin da ludayi goma zai yi ai rabin ƙwarya zai yi shi a take. Na kwarara. Gyaɗar ta saki ta zama kamar kunu, mai ya ce bai san zancen ba. Aikin mata huɗu na wuni guda ya tafi.

Goggo ba ta zage ni ba. Ta leƙa turmin ta ce, "Yau gidan nan miyar gyaɗa za a sha. Gobe ma. Jibi ma." Haka kuwa aka yi, kuma duk wanda ya ɗaga loma sai ya ce, "Sannu da aiki, Asabe."

In an yi daidai, za ku ga gyaɗar ta fara duhu, ta haɗe jikinta, ta fara gumi. Daga nan mai ya kwanto a sama. Ku kwashe, ku ɗora sauran a kan allo ku matse da ƙarfin gwiwar hannu. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake murzawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Suya tun farko ita ce rabin aikin. Gyaɗar da ba ta soyu ba tana riƙe manta, wadda ta ƙone kuma ta ba ku mai baƙi mai ɗaci. Ba agogo ke gaya muku ba. Hanci ne, da ƙwaya ɗaya da za ku murza tsakanin yatsu.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. 'Yan tsire na kasuwar shanu ƙuli suke so mai ƙarfi, wanda in an daka shi don yaji ba zai dunƙule ba. Masu ƙosai sukan ɗiga mai a farce su ɗaga shi a rana. Amma masu suyar kifi na bakin kogi su ne alƙalanmu. In kika bar ɗigon ruwa a cikin mai, da ya ji wuta sai ya yi tsalle, kuma matar za ta zo har tsakar gida ta nuna miki ƙunar a hannunta a gaban kowa. Sau ɗaya aka yi mini haka. Ya ishe ni.

A shekarata ta huɗu wasu 'yan kasuwa a birni suka haɗa kamfani, na 'yan ƙasa, ba na Turawa ba. Niyyarsu su riƙa sayen mai garwa-garwa da ƙuli buhu-buhu daga hannun mata suna aikawa kudu a jirgin ƙasa. Za su gina sito guda, su sa injin niƙa a ciki. Suka ce duk mai fam ɗaya ya zo ya sayi hannun jari, a ba shi takarda, ya zama yana da bakin magana. Goggo ita ce uwar adashin unguwarmu. Ta bi gida-gida ta ce wa mata duk wadda kwasarta ta zo ta sayi takarda. Magana ta kai ƙauyukan Lajawa da Ɗankaza. Ba riba ce ta dami Goggo ba. Cewa take yi, "Inda inji ya zauna, nan gyaɗa za ta bi." In an kafa shi a Wudil, gyaɗarmu ta tsaya a nan, mu niƙa, mu matse, mu sayar a ƙofar gida. In an kafa shi a birni, motoci su kwashe ta ɗanya, mu kuma mu zauna muna kallon turame.

Shugaban kamfanin, kuma wanda ya fi kowa yawan hannun jari, Alhaji Mamuda ne, attajirin birni. 'Yarsa Binta tana auren Yaya Garba, ɗan farin Goggo, a cikin gidanmu take zaune. Da aka sa ranar taron da za a yanke inda za a gina siton, matan suka taru a tsakar gidan Goggo. Yawancinsu matan kulle ne, ba mai zuwa birni ta zauna cikin maza. Dole a naɗa wakili ɗaya ya riƙe ƙuri'ar kowa. Nan take aka ce Garba. Wa ya fi shi? Surukin Alhaji ne, zai same shi a kusa.

Na ce, "Kusa ɗin ce matsalar. Mutumin da ko sunan Alhaji ba ya iya kamawa, shi zai ce masa a'a a gaban jama'a?"

Wata ta ce, "Ji 'yar boko. Ita komai sai ta ga baƙinsa."

Goggo ta ce, "Ke Asabe, rufe mana baki. Yaron nan zai je." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kun san ɗan fari.

Ya tafi da takardar wakilci cike da dangwalen yatsun mata. Washegari da la'asar ya dawo, ya zauna a soro ya ƙi shigowa. Ni na fita na same shi.

"Yaya, ina aka ce?"

"Birni."

"Kai me ka ce?"

Ya gyara hula. "Na gaishe shi."

"Bayan gaisuwar fa?"

"Asabe, ina shiga na gan shi a kan kujera. Na tuɓe takalmi na tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce, masu son birni su ɗaga hannu, ya ɗaga nasa. Ya ce, masu son wani wuri fa? Sai ya dubi wajen da nake. Wallahi hannun nan nauyi ya yi mini kamar dutsen Iya Tabawa."

"Ka ɗaga kai ma ka dube shi?"

"Wane ni."

Ban ga laifinsa sosai ba, ko da yake a ranar na faɗa masa maganganun da sai da na ba shi haƙuri daga baya. Abin da aka koya masa tun yana yaro ya yi. Mu ne muka aiki kunya ta karɓo mana haƙƙi.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar. Ruwan sama ya ɗauke, gyaɗa tana tsakiyar zuba 'ya'ya. In ka fasa ɓawo sai ka tarar da ƙwaya ɗaya a yamushe, wani ma fanko. Ɗan abin da aka samu, motocin birni suka bi ƙauyuka suka kwashe tun daga gona, har da na kamfaninmu, wanda ya fara tara gyaɗa yana jiran injinsa. Ku duba wannan: da takardunmu a ƙarƙashin kwanukan jere, motar da muke da hannu a cikinta tana wuce ƙofarmu da gyaɗar da muka rasa. Turame biyar ne a gidan Goggo, aka kife huɗu. Mata tara ke aiki, suka koma uku. 'Yan tsire suka fara haɗa yajinsu da garin masara. Masu kifi suka koma man shanu da na kaɗanya, suna tsaki. Na ga Goggo tana ɗaukar ƙwayar gyaɗa ɗaya da ta faɗi a ƙasa, ta hure ta, ta mayar a faifai.

A cikin wannan zaman banzan ne na ɗauko ɗan littafin dokokin kamfanin, wanda aka haɗo da takardar Goggo, ba wanda ya taɓa buɗe shi don da Turanci yake. A shafi na kusa da ƙarshe na ga an ce in masu kashi ɗaya cikin goma na hannun jari suka nema a rubuce, tilas a sake kiran taro. Na tambayi direbobi, suka ce ko tubalin siton ba a aza ba a birni, don injin bai sauka daga jirgin ruwa ba tukuna.

Kwana goma sha biyu na yi ina yawo da tawada da takarda. A Lajawa wata ta riga ta saka takardarta cikin kayan ɗakin 'yarta, sai da muka bi amarya har gidan miji. A Ɗankaza na sami Inna Kulu, ta kai tata wajen baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, ta rataya a wuya don kada gara ta ci. Na ce ina bukatar lambar da ke jiki.

Ta ce, "A farke? Fam guda ce fa a ciki, 'yar nan."

Na ce, "Inna, ba fam ce a ciki ba, bakinki ne a ciki. Kin ɗinke shi."

Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido." Amma ta aika aka kira badukun, ya warware, na kwafi lamba, ya sake ɗinkewa tana tsaye a kansa.

Da na haɗa duka na ga inda muka tsaya. In aka ware Alhaji, mun fi 'yan birni yawa. In aka sa Alhaji, sun fi mu nesa ba kusa ba. Na aika wa kamfani takardar neman taro, aka sa rana. Wannan karon ni matan suka naɗa wakiliya, ba don suna sona ba, don sun ce ni ba na jin kunyar kowa. Na roƙi Goggo ta raka ni, tsohuwa ce, ba mai hana ta fita.

Ta ce, "Ni in je in tsaya gaban surukina? 'Yarsa tana ɗakina, ina cin tuwon hannunta? Allah ya sawwaƙe."

Ana gobe tafiya, Lami, wadda ta fi kowa iya matsa a gidanmu, ta zo ta jingina taɓaryarta a bangon ɗakin Goggo. Ta ce mijinta ya yarda su koma birni, shi dako, ita wanke-wanke a gidan wani. Shekara goma sha shida tana gidan. Goggo ta ce, "Allah ya sa a dace," ba ta ƙara ba. Da safe ina ɗaura ɗankwali sai na ga Goggo a bakin ƙofa da mayafinta na zuwa suna, da buta a hannu. Muka kama hanya tare.

A babban soron Alhaji aka yi taron. Maza wajen talatin a kan benci da tabarmi, akawu a gefe da littafinsa. Goggo ta ƙi shiga, ta shimfiɗa ɗan buzunta a waje bayan ƙyaure. Na shiga ni kaɗai, na durƙusa na gaida Alhaji, na miƙa wa akawu takardu. Wani mai jan rawani ya ce, "Wannan 'yar wa ce? An rasa maza ne a Wudil?"

Na ce, "Bara mun aiko namiji, ranka ya daɗe. Gaisuwa ya kawo."

Aka yi dariya, har Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da aka ba ni dama na zubo duk abin da na shirya, da sauri fiye da yadda ya kamata. Na ce inji niƙa kawai yake yi, ba ya fitar da mai. Hannu ke fitar da mai, hannun kuwa yana Wudil da ƙauyukanta. Na ce ɗaukar garwar mai zuwa tasha ya fi sauƙi a kan ɗaukar buhunan gyaɗar da ta haife ta. Na ce a birni sai sun koya wa wasu zuba ruwa, kuma na san abin da sabon hannu ke yi wa turmi.

Alhaji ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Maganarki da hankali, 'yata. Amma tashar jirgi a nan take. Injin nan kuma ƙarfe ne, zai lalace, makanikinsa a nan yake. In ya tsaya a Wudil, wa zai tashe shi? Dukiyar mutane ce a wuyana." Gaskiya ya faɗa. Na ga 'yan birni suna gyaɗa kai. Ya ce wa akawu a shirya ƙirga.

A nan ne ƙyauren ya motsa. Goggo ta shigo, takalmi a hannu, mayafi har goshi. Ba ta dubi Alhaji ba. Ta tsuguna kusa da ni ta yi sallama ga ɗakin gaba ɗaya. Alhaji ya miƙe tsaye daga kujerarsa, ya rasa inda zai sa idonsa, ya shiga jero gaisuwa yana kallon tabarma: an zo lafiya, ya hanya, ya mutan gida, ya aka ji da shekarar nan. Ita ma tana amsa wa tabarmar.

Da gaisuwa ta ƙare sai ta ce da ni, a hankali, amma kowa ya ji, "Asabe, ki gaya wa mai gidan nan 'yarsa tana lafiya, tana gaishe shi. Ki gaya masa ban zo roƙo ba. Takarda gare ni, an ce mai takarda yana ɗaga hannu. Hannun na kawo."

Akawu ya ce, "Masu son Wudil." Na ɗaga. Goggo ta fito da hannunta daga cikin mayafi ta ɗaga, hannun nan mai tabon kasko tun daga yatsu har gwiwa. Ba ta sauke ba.

Akawu ya ce, "Masu son birni." 'Yan birni suka ɗaga, kowa yana kallon Alhaji. Shi kuwa yana tsaye, ya dubi hannun Goggo sau ɗaya, ya kawar da kai. Ya ce, "Malam akawu, ƙirga na sauran. Ni zan je in yi alwala." Azahar da sauran lokaci. Ya zura takalmi ya fita.

Mai jan rawani ya ce a jira shi ya dawo. Akawu ya buɗe littafin dokoki ya ce wanda ba ya ɗaki ba a ƙirga shi. Aka ƙirga. Wudil.

A bayan motar da ta dawo da mu ina ta surutu, ina maimaita wa ya ce me. Goggo tana riƙe da butarta, tana kallon hanya har muka hango kogi. Na ce, "Goggo, da ma kin san haka zai yi?"

Ta ce, "Na san mutumin kirki ne. Shi ya sa ban so zuwa ba."

Siton da kuke tsayawa a bakinsa kuna hira, ta haka ya zo. Yanzu matan Lajawa da Ɗankaza suna aiko gyaɗa soyayya a kan jakuna, a niƙa kafin hantsi. Masu liƙe garwa da dalma sun kafa rumfa uku, ga 'yan dako, ga mai shayi. Turamen Goggo sun koma bakwai. Lami ta dawo bayan wata takwas ta ɗauki taɓaryarta a inda ta jingina ta. Ba kowa ya ci riba ba: dutsen Iya Tabawa ya zama wurin zaman kaji, ita kuma sai tsintar tsakuwa a gyaɗa muka samar mata, tana yi tana zagin injin. Maganar Alhaji ma ta tabbata. Sau biyu ƙarfen nan yana tsayawa, na biyun kwana goma sha ɗaya muna jiran makaniki, muka koma durƙuso, Iya Tabawa tana dariya.

Garwar farko da ta fito, Goggo ta matse ta da hannunta ta aika gidan Alhaji. Ya karɓa, ya aiko wa 'yarsa da goro, bai ce komai game da man ba. Yakan zo duba sito duk bayan wata biyu. Ku lura in motarsa ta tsaya. Goggo, wadda ba ta tashi daga bakin kasko ko don ruwan sama, za ta miƙa wa ta kusa da ita muciya, ta shige ɗaki, ta saki asabari, ba ta fitowa sai ta ji motar ta tashi. Shekara uku ke nan.

Ke kuma mai maganar ranar Laraba, gobe da safe turmi na uku naki ne. Inji zai niƙa miki, kamar yadda kika ce. Ruwan zafi da ludayi suna nan a gefe. Na riga na ce wa Binta ta tanadi daddawa da barkono, ko da za a sha miyar gyaɗa har jibi.